Yadda Ake Sayen Gidan Haya Da Kula Da Shi Har Ya Riƙe Kansa

Gidan haya na farko da na saya, da lissafi guda ɗaya na ƙulla cinikinsa: kuɗin hayar wata sau goma sha biyu. Adadin ya yi mini kyau a ido, na sa hannu. Kafin shekara ta zagayo, sashe ɗaya ya yi wata uku babu kowa a ciki, ruwan sama ya tona mini asirin wani tabon yoyo da aka lulluɓe da sabon fenti, ni kuma ina yankar albashina duk wata ina cika wa banki. Gidan da na saya don ya tallafe ni, sai ga shi ni nake goyonsa. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne matakan da nake bi tun daga wancan lokaci, kuma dukkansu tambaya ɗaya suke amsawa: wannan gida zai iya ciyar da kansa, ya biya bashinsa, ya gyara ɓarnarsa, ba tare da ya miƙo hannu cikin aljihunka ba?

Mataki na farko: ware kuɗin da ba na gida ba

Kafin ka kira dillali, zauna ka raba abin hannunka gida uku. Akwai na rayuwarka da iyalinka, wanda zai riƙe ku wata shida ko da samu ya tsaya. Wannan ba ya shiga ciniki ko da gidan zinare aka tallata maka. Akwai na gaggawar gidan da za ka saya, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Abin da ya rage bayan waɗannan biyun shi ne jarinka na gaskiya.

Dalilin wannan rabo shi ne gida dukiya ce mai nauyin ƙafa. Hannun jari kana iya sayar da shi yau, kuɗin ya shigo cikin kwanaki kaɗan. Gida kuwa yakan ɗauki watanni kafin a sami mai saye, kuma duk wanda ya gane a matse kake, tayin wulaƙanci zai yi maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: yi lissafin abin da zai rage

Nan ne mutane suka fi yi wa rogo kallon kitse, don haka zan daɗe a wurin. Bari mu ɗauki misali da lambobi zalla, ka saka sunan kuɗin ƙasarka da kanka.

An yi maka tayin gida a kan 1,000,000. Ana karɓar hayar 10,000 a wata, wato 120,000 a shekara. Mai tallar gidan zai ce maka ribar kashi 12 cikin 100 ke nan. To, a hankali.

Da farko, gidan ba 1,000,000 zai ci ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, harajin sauya mallaka, kuɗin rajista da na masu duba gini. A ce sun kama 60,000. Gyaran farko kafin wani ya shiga, a ce 40,000. Abin da ka zuba ya zama 1,100,000.

Sai ka dawo kan haya. Babu gidan da ke cike kullum. Tsakanin fitar wani da shigar wani akwai fenti, akwai talla, akwai jira. Cire wata ɗaya a kowace shekara, saura 110,000. Cire ƙananan gyare-gyare, 12,000. Cire inshora da harajin gida, 10,000. Cire ladan mai kula da gida, kashi 10 cikin 100 na abin da aka karɓa, 11,000. Wannan ka cire shi ko da kai za ka kula da gidan da kanka, domin lokacinka ba kyauta ba ne, kuma wata rana rashin lafiya ko tafiya za su tilasta maka ɗaukar wani. A ƙarshe ware 7,000 don manyan abubuwan da ba sa lalacewa duk shekara amma ranar da suka lalace sai sun girgiza ka: rufi, wayoyin lantarki, bututan ruwa. Jimillar ɗawainiya 40,000. Abin da ya rage 70,000.

Raba 70,000 da 1,100,000. Za ka sami kashi 6.4 cikin 100, kusan rabin abin da aka faɗa maka. Wannan lambar ce za ka riƙe, da ita za ka gwada gida da gida, da ita kuma za ka gwada gidan da sauran wuraren da kuɗinka zai iya zama. Idan takardun lamunin gwamnati a ƙasarka suna ba da fiye da haka ba tare da kiran dare daga ɗan haya ba, to sai gidan ya zo da wata hujja mai ƙarfi kafin ya cancanci wahalarka.

Lambobin da na kawo na misali ne. Naka ka samo su daga tushe. Kada ka karɓi kuɗin haya daga bakin mai sayarwa. Nemi ya nuna maka rasit na shekara biyu da suka wuce, sannan ka zaga unguwar ka tambayi nawa ake biya a gidaje uku ko huɗu masu kama da shi, kuma wata nawa suka yi a rufe kafin a kama su.

Akwai masu cewa lissafin haya ba shi da muhimmanci tunda gida ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa. A Japan farashin filaye ya kai ƙololuwa wajen 1991, daga nan ya yi ta gangarowa fiye da shekara goma. A Amurka farashin gidaje ya tsaya a 2006, ya rikito, har abin ya kai ga rushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na 2008 da ƙwace gidajen miliyoyin mutane. Idan daraja ta ƙaru, alhamdu lillahi, gyara ce aka yi maka a kan awo. Amma ciniki ya tsaya da ƙafarsa a kan haya kaɗai.

Mataki na uku: zaɓi inda kuɗin zai fito

Mai saye da kuɗinsa tsab ya fi kowa barci, sai dai yakan daɗe yana tari. Galibin mutane sukan haɗa nasu da na wani, kuma hanyoyin sun bambanta ƙwarai.

Rancen banki na jingina shi ne sananne: ka kawo kaso, banki ya cika, gidan ya zama jingina har ka gama biya. Bankuna sun fi tsanantawa a kan gidan haya fiye da gidan zama. A Birtaniya, alal misali, yawancin masu ba da irin wannan rance suna neman mai saye ya kawo kimanin kashi 25 cikin 100 daga aljihunsa, kuma hayar ta zarce kuɗin ruwan da za a riƙa biya da tazara mai kyau, wato ta kai kashi 125 zuwa 145 cikin 100 na kuɗin ruwan. Ba mugunta ba ce ta sa su haka. Sun ga abin da ke faruwa da wanda ba shi da tazara.

Koma kan gidanmu. Idan ka ranci 700,000 a kan ruwan kashi 8 cikin 100 na shekara 20, biyan wata zai kama kimanin 5,855, wato kusan 70,260 a shekara. Gidan yana kawo 70,000. Ka ga ba abin da ya rage, har da ɗan ciko. Tukunyar dumama ruwa ɗaya ta ƙone, ka shiga asara. Idan kuwa 500,000 ka ranta, biyan shekara zai tsaya a kusan 50,190, ya bar maka kimanin 19,800. Ma'aunin da nake amfani da shi, wanda masu ba da rance da yawa ma suke amfani da irinsa, shi ne abin da gida ke kawowa bayan ɗawainiya ya ninka biyan bashi aƙalla sau 1.25. A gidanmu, 70,000 a raba da 1.25 ya ba da 56,000 a shekara, wanda ke nufin rancen bai kamata ya wuce kimanin 558,000 ba, ko da bankin ya yarda ya ba ka fiye.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Gidan yana ba da kashi 6.4, bashin yana cin kashi 8. Duk kuɗin da ka ranto yana cin fiye da abin da yake samarwa, kuma jarinka ne ke cike giɓin. Bashi yana ɗaga ribarka ne kawai idan abin da gida ke kawowa ya fi tsadar bashin. Haka kuma yana ninka asara: wanda ya sa 300,000 ya ranci 700,000, idan darajar gidan ta sauka da kashi 20 cikin 100 ta koma 800,000, nasa ya koma 100,000. Gida ya rasa kashi ɗaya cikin biyar, shi ya rasa biyu cikin uku.

Kafin ka sa hannu, tambayi ma'aikacin banki abubuwa huɗu, kuma ya nuna maka amsar a rubuce. Ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka? Idan tsayayye ne, na shekara nawa? Akwai tara idan ka biya da wuri? Waɗanne kuɗaɗe ake yanka a farko? Tambaya ta farko ta fi nauyi. Yawancin rancen da suka kifar da mutane a Amurka kafin 2008 suna farawa ne da ruwa mai sauƙi na shekara biyu ko uku, daga nan ya yi tsalle. Daga baya ma an gani: babban bankin Ingila ya ɗaga ruwansa daga kashi 0.1 a Disambar 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, kuma duk mai gidan da wa'adin tsayayyen ruwansa ya ƙare a tsakanin, ya ji a jikinsa. Don haka ka gwada lissafinka da ƙarin maki uku. Rancen 500,000 a kan kashi 11 zai ci kusan 61,900 a shekara, gidan yana iya ɗauka. Rancen 700,000 zai ci kusan 86,700, ka riƙa ciko 16,700 duk shekara.

Kuma kada ka ci bashi da kuɗin wata ƙasa alhali hayarka da kuɗin gida ake biya. Dubban ɗaruruwan iyalai a Poland sun ranci kuɗin Suwizalan saboda ruwansa ya fi araha. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa, darajarsa ta haura a yini ɗaya, bashinsu ya kumbura suna zaune a ɗaki.

Wanda yake gudun riba yana da hanyoyin da bankunan Musulunci suka tsara. A murabaha, banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙarin da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. A ijara, banki ya mallaki gidan ya ba ka haya, mallaka ta dawo hannunka a ƙarshen wa'adi. A musharaka mai raguwa, ku mallaki gidan tare, kana biyan hayar kason banki kana sayen kason kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta fitar da ƙa'idojin da cibiyoyi da yawa ke bi a kan waɗannan. Sai dai halaccin tsari bai ɗauke maka lissafi ba. Tara duk abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, ka tambaya ko ana sake duba kuɗin hayar kason banki lokaci-lokaci, da wanda babban gyara da inshora ke wuyansa, sannan ka auna da ma'aunin 1.25 ɗin nan.

Haɗin gwiwa da ɗan'uwa ko aboki hanya ce mai kyau wadda ta raba zumunci da yawa. Ku rubuta kason kowa, wanda zai kula da gida da ladansa, yadda za a yi idan an buƙaci ƙarin kuɗi wani ya kasa kawowa, yadda za a kimanta kason wanda yake son fita, da abin da zai faru idan ɗayanku ya rasu magada suka shigo. Ku rubuta tun ana dariya.

Sayen gidan da ba a gina ba, wanda ake nuna maka a hoto, yana da rahusa, kuma rahusar ladan kasadar da ka ɗauka ce. Kamfanin Evergrande na ƙasar Sin ya karɓi kuɗin mutane masu ɗimbin yawa a kan gidajen da bai kammala ba, bashinsa ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024. Idan irin wannan katafaren ya iya durƙushewa, ƙaramin magini ma yana iya. In dole sai ka bi wannan hanya, biya gwargwadon ci gaban gini, mataki-mataki, bayan injiniyanka ya gani da idonsa.

Wanda jarinsa bai kai ba, ko ba ya son hayaniyar 'yan haya, yana iya sayen hannun jari a asusun zuba jarin gidaje, wato kamfanin da ke mallakar gine-ginen haya yana raba ribar ga masu hannun jari. Amurka ce ta fara kafa dokarsu a 1960, inda aka wajabta musu raba aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake ɗora wa haraji ga masu hannun jari, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwayi tsarin.

Mataki na huɗu: binciki takarda, sannan ka binciki bango

Ɗauki lauyanka, ban da wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo maka. Ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke kan takardar mallaka shi ne na mai sayarwa, gidan ba ya jingine a wani wuri, babu shari'a a kansa, babu bashin haraji, kuma an yi ginin da izini. Idan gidan gado ne, kowane magaji ko wakilinsa na doka ya sa hannu. Safiyo ya auna iyaka ya gwada da abin da ke cikin taswira. Idan akwai 'yan haya a ciki, karanta yarjejeniyarsu, domin a wurare da yawa za ka gaje ta ne yadda take, har da kuɗin ajiyarsu, wato wanda suka bayar don biyan ɓarna, da hayar da suka riga suka biya gaba.

Ginin kuwa, gani ya kori ji. Je da rana, ka koma da dare, kuma idan da hali ka je bayan an ɗauke ruwan sama. Shafa tafin hannunka a ƙasan bango, sanyi da ɓarɓashin fenti alamar damshi ne. Ɗaga kai ka dubi silin, inda fenti ya fi na kewaye sabunta akwai labari. Buɗe famfo biyu lokaci ɗaya ka ga ƙarfin ruwa. Ja ruwan bayi ka saurari yadda yake tafiya. Tsagar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, musamman mai faɗi daga sama, ta wuce aikin mai fenti, injiniya za ka kira ya dubi harsashin ginin. Kuɗin duban nan ƙanƙane ne idan aka gwada shi da abin da yake tonowa, kuma duk aibin da aka samu hujja ce ta neman ragi.

Dubi unguwar da idon ɗan haya. Mota tana shiga? Akwai abin hawa, makaranta, asibiti, wurin aiki kusa? Unguwar da ta dogara da masana'anta ɗaya ko makaranta ɗaya tana cika da sauri, tana kuma washewa rana ɗaya.

Mataki na biyar: biya ta hanyar da ke barin sawu

Kuɗi ya bi ta banki, ko ta asusun amana na lauya inda doka ta tanadi haka. Kada kafin alƙalami ya fita sai an rubuta sharuɗɗan dawo da shi idan bincike ya gano matsala. Ka yi rajistar mallaka da sunanka nan take, kuma inshora ta fara aiki daga ranar da gidan ya zama naka. Gaya wa kamfanin inshora cewa gidan haya ne, domin inshorar gidan zama tana iya ƙin biya idan gobara ta tashi alhali ɗan haya ne a ciki.

Mataki na shida: zaɓen wanda zai zauna

Gida a rufe wata ɗaya asarar wata ɗaya ce. Mugun ɗan haya kuwa yana iya cin shekara, ya haɗa da kuɗin kotu da gyara. Don haka kada ganin ɗaki a rufe ya sa ka miƙa makulli ga wanda ya fara zuwa da kuɗi a hannu.

Nemi shaidar ko shi wane ne da shaidar samunsa. Abin da aka saba aunawa shi ne haya kada ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu. Yi magana da mai gidan da ya zauna a wurinsa kafin na yanzu, domin na yanzu yana iya yabonsa don ya rabu da ƙaya. Ka sa ma'auni ɗaya ga kowa: iya biya da riƙon amana. Ƙin mutum saboda launinsa, addininsa ko asalinsa zalunci ne, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne. Amurka ta haramta shi da doka tun 1968.

Yarjejeniya ta fayyace kuɗin haya, ranar biya da hanyar biya, tsawon wa'adi, yawan masu zama, gyaran da ke kan kowa, sanarwar da za ka bayar kafin ka shiga duba gida, da wa'adin tashi. Kuɗin ajiya yana da doka a wurare da yawa. A Jamus ba ya wuce hayar wata uku. A Ingila tun 2019 an ƙayyade shi a hayar mako biyar ga yawancin gidaje, kuma dole a saka shi a asusun kariya da hukuma ta amince da shi cikin kwana 30. Nemi dokar inda gidanka yake ka karanta ta. Ko babu doka, kuɗin nan amana ne a hannunka, ba a taɓa shi.

Ranar miƙa makulli ku zaga tare, ɗaki-ɗaki. Ɗauki hoton bango, ƙasa, tagogi, famfuna da lambar mita. Ku sa hannu a kan jerin, kowa ya riƙe kwafi. Rabin sa'ar nan ita ke kashe rigimar ranar fita.

Mataki na bakwai: asusu dabam, gyara da wuri

Buɗe wa gidan asusun kansa. Haya ta shiga can, ɗawainiya ta fita daga can. Ka tara a ciki abin da zai biya bashi da ɗawainiyar wata shida ko da babu ɗan haya ko ɗaya, kuma ba ka cire riba sai wannan ya cika. Ajiye kowane rasit, domin a ƙasashe da yawa ana cire kuɗin gyara, inshora da makamantansu kafin a lissafa harajin haya, wasu ma suna ba da rangwamen tsufan gini. A Amurka ana rarraba darajar ginin haya na zama a kan shekara 27.5. Akanta zai gaya maka abin da ya shafe ka.

Wata 'yar haya ta taɓa kirana ta ce famfon ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗiga. Na ce ta tara roba, zan turo mai gyara. Na manta. Bayan wata biyu na je da kaina, na buɗe kabad ɗin, katakon ya kumbura ya yi baƙi, na danna shi da yatsa ya lotsa kamar soso, warin ruma ya cika ɗakin, damshin ya ratsa bango ya ɓullo a ɗakin kwanan yaranta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "Ai na faɗa maka." Da wa'adinta ya cika ta tashi, ita da ba ta taɓa jinkirin biya ba ko sau ɗaya. Zoben roba ne ya lalace tun farko. Har yau abin yana damuna, kuma yaran ne suka fi tsaya mini a rai.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: ruwa, wuta da gas, a ranar ake zuwa. Sauran ƙorafi, amsa cikin kwana ɗaya, gyara cikin mako. Sau biyu a shekara ina duba rufi, magudanar ruwa da wayoyi, bayan na sanar da masu zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nemi masu gyara biyu ko uku da ka yarda da aikinsu tun ba ka buƙace su ba, ka riƙa biyansu a kan lokaci don su ɗaga wayarka da dare. A babban aiki karɓi ƙiyasi daga mutum uku a rubuce, ka biya kashi-kashi, ka riƙe na ƙarshe sai ka ga aiki.

Mataki na takwas: idan haya ta makara

Tuntuɓa washegarin ranar biya, cikin mutunci. Mutumin kirkin da aiki ya kuɓuce masa ya cancanci a zauna da shi a tsara biya kashi-kashi, a rubuta, a sa hannu. Sau da yawa wannan ya fi kora arha, kuma ya fi kusa da tausayi. Wanda yake ɓuya yana karya alkawari, sai a bi matakan doka da shi tun da wuri: sanarwa a rubuce, cikar wa'adi, kotu. Kada ka sauya makulli, kada ka yanke ruwa ko wuta, kada ka fitar da kayansa waje. A ƙasashe da yawa yin haka yana mayar da mai gaskiya mai laifi, har ya biya diyya.

Mataki na tara: wakili, ƙarin haya da gida na biyu

Idan gidan yana nesa da kai ko sun yi yawa, ɗauki mai kula. Ladansa ya zama kaso daga abin da ya karɓo, don ya damu da ɗakin da ke rufe. Ka ƙayyade adadin da zai iya kashewa ba tare da izininka ba, ya riƙa turo bayanin shiga da fita duk wata tare da rasit, kai kuma ka riƙa leƙawa da kanka, 'yan haya su san fuskarka kuma su san yadda za su same ka. Zuwa da kai ya fi aike.

Ƙarin haya ka yi shi kaɗan-kaɗan, a kan lokaci, da sanarwa isasshiya, cikin iyakar doka. Lissafa kafin ka matsa wa mai biya a kan kari: ƙarin 500 a wata 6,000 ne a shekara, amma idan ya tashi ɗakin ya yi wata ɗaya a rufe ka rasa 10,000, ban da fenti da la'ada.

Duk ƙarshen shekara sake yin lissafin mataki na biyu da lambobin da suka faru a zahiri, kuma ka raba abin da ya rage da darajar gidan ta yau. Idan daraja ta hau sosai haya ba ta bi ta ba, kuɗinka yana kwance ne a wurin da ba ya aiki, ka duba ko sayarwa ta fi, bayan ka cire harajin riba da la'ada. Gida na biyu kuwa sai na farko ya cika shekara biyu yana biyan bashinsa da kansa, asusun gaggawarsa a cike. Kuma idan banki ya nemi ka haɗa gidajen biyu a jingina ɗaya, ka roƙi a raba su, kowane gida da rancensa, domin idan ɗaya ya sami matsala kada ya ja ɗan'uwansa su tafi tare.